Fim ɗin da muka kalla a gadon asibiti

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Waɗanda suka tambayi dalilin da ya sa ban koma makaranta ba, rashin lafiya na yi.

Zazzaɓi ya fara kama ni a gida, a Damari. Muka ce maleriya ce. Mai kemis ya yi min allura da ƙarin ruwa, zazzaɓin ya lafa, ya dawo. Daga baya cikina ya kumbura ya yi tauri, ko zane ba na so ya taɓa shi.

Ranar da na kasa miƙewa la'asar ta wuce, kuma babu direban da zai hau hanyarmu a lokacin saboda 'yan bindiga. Sai da safe aka kai ni Funtua.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce wa Baba, "Malam, taifot ce, ta huda hanji. Yau za a yi tiyata."

Baba ya sayar da tunkiyar Inna, kuɗin bai kai ba. Sai ya sayar da irin masarar da ya ware don shuka, wanda ko yunwa ake yi a gidanmu ba a taɓa shi.

Na farka da roba a hanci da wata a ciki. An hana ni ko da kurɓin ruwa. Wankin ciwon da safe shi ne abin da na fi tsoro.

A gadon kusa da ni akwai Hadiza daga Sheme, ciwonmu ɗaya. A wayarta muke kallon wani fim mai fassarar Hausa, kaɗan-kaɗan saboda caji. Duniya ta ƙone, garuruwa sun zama kufai, wata mata tana yawo da kwalbar iri tana neman ƙasar da za ta shuka.

Fim ɗin ya iya nuna shiru. Gidajen nan da babu kowa sun tuna min ƙauyukan wajenmu da mutane suka gudu suka bari. Yadda matar take tashi kowace safiya ta ci gaba da tafiya ya taimake ni ranar da nas ta ce in taka zuwa ƙofa.

Amma akwai ƙarya a ciki. An soki matar a ciki, washegari tana gudu. Hadiza ta riƙe ɗinkinta tana dariya, ta ce, "Ke, wannan ta zo nan ta yi tari ɗaya mu gani."

Akwai kuma inda ƙanin matar yake mutuwa da yunwa ta hana shi irin. Fim ɗin yana yabonta. Ni kuwa kuka na yi, don na san Baba ba shi da abin shukawa bana saboda ni.

Da na ba shi labari sai ya ce, "Wanda ya shirya wannan bai taɓa noma ba. Iri ana samu wurin maƙwabci, ɗiyata. Ke wa zai ara min?"

A ƙarshen fim ɗin duk mai sa rai ya tsira. Ni kaɗai na ga ƙarshen, bayan an sallame ni. Ɗinkin Hadiza ya buɗe, aka mayar da ita tiyata, ba ta fito ba. Ta fi ni sa rai nesa ba kusa ba. Allah Ya jiƙanta.

Na gode wa Allah, da likitoci da nas-nas, da Inna da ta yi jinyata a kan tabarma. Don Allah, in zazzaɓi ya tafi ya dawo, ku je a gwada jini, kada ku tsaya a kemis. Ciwon ciki mai tauri ba a jiran sa. Ku riƙa tafasa ruwan sha.

Da ruwa ya sauka, maƙwabta suka riƙa aiko da iri a kwano, kowa irin nasa. Gonar Baba ta fito da masara fara da ja a kunya ɗaya, wata ta riga wata nuna. Ita muke ci yanzu.