Wayar Gandu a Dayi

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin abubuwa suka fara rikicewa. Ina zaune gaban kwamfuta a ofishin da nake sanin makamar aiki a Funtua, sai Oga ya shigo da waya a kunne. Manoman Dayi ne ke ƙorafi, wai shafinmu na neman hayar tarakta ya ƙi yi musu rajista, ga damina ta ƙarato. Ni kuwa aikina shi ne gwajin da na gina, wata manhaja mai buɗe burauzar shiga intanet da kanta kowace safiya, ta shiga shafin kamar manomi, ta sa suna da lambar waya, ta danna ko'ina. In komai lafiya ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja. A ranar duk kore ne.

"Malama, abinki yana cewa lafiya lau, mutane suna kuka," in ji Oga. "In ba ki gano dalili ba, kashe shi za mu yi, mu koma gwaji da hannu."

Watanni na yi ina gina shi.

Washegari bayan sallar asuba muka ɗauki hanya, ni da direban ofis da wanda ya rubuta shafin. Kafin Bakori gari ya waye. Dama da hagu an share gonaki, an jibge takin gargajiya tsibi-tsibi, ana jiran ruwan shuka. Mangwaro ya yi arha a bakin titi, har masu talla na roƙon a ɗauki kwando duka. Direba ya ce abu ɗaya ke nan da ya rage a ƙasar nan wanda bai bi kuɗin fetur ba.

A Malumfashi muka tsaya cin waina da miyar taushe kusa da tasha. Ina cikin ci na ji ɗan kamasho yana kira, "Kafur, Gozaki, saura mutum ɗaya!" Na ajiye lomar. Gozaki ne garinmu. Tun da Baba ya rasu muka koma hannun Kawu a Funtua, ban sake taka shi ba. Na zuba wa motar ido har wata mata mai goyo ta cike gurbin, suka tafi.

Da hantsi muka isa Dayi. Babura da motoci sai kai-kawo suke, masu rake da awara sun cika gefen hanya. Aka kai mu gindin wata bedi wurin dattijon da ya fi kowa ƙorafi, 'ya'yansa magidanta suna kewaye da shi. Bayan gaisuwa na daure na ce, "Baba, don Allah a gwada a gabana."

Ya miƙa wa babban ɗansa waya. Rajistar gonar gandu, wadda duk gidan ke nomawa tare, ta daɗe da shiga. Da ɗan ya zo sa gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, sai shafin ya ce an riga an yi amfani da wannan lambar.

"Kai ba ka da taka wayar?" in ji wanda ya rubuta shafin.

"Ina da ita bara," ɗan ya ce. "Ta zama buhun taki."

Aka kwashe da dariya. Dattijon ya ce, "'Yata, injin naku so yake sai na raba gida kafin ya ba mu tarakta?"

Ni ban yi dariyar ba. Gwajina kullum sabuwar lamba yake ba kowane manomin da ya ƙirƙira, bai taɓa haɗuwa da gidan da ake kiran mutum shida a waya ɗaya ba. Haka gidanmu na Gozaki yake a da. Wayar Baba a aljihun babbar rigarsa take kwana, yayyena da matansu duk ta nan ake samun su, ni ce mai gudu da ita ɗaki-ɗaki. Na zauna a tabarmar nan ina kallon yadda ɗan ya goge wayar da gefen riga kafin ya mayar wa ubansa da hannu biyu, na ji ba na son tashi.

Da la'asar muka juyo, hadari yana haɗuwa ta gabas. Washegari da safe na rubuta sabon gwaji: uba da 'ya'yansa, gonaki daban-daban, lamba ɗaya. Ya nuna ja, ban taɓa murnar ganin ja haka ba. Abokin aikina ya gyara shafin, ya koma kore, dattijon ya bugo ya ce duk sun shiga. Tafiyar ta koya mini cewa gwaji ba ya ganin abin da mai shi ba ta nuna masa ba.

Oga dai bai sake tayar da maganar kashe gwajin ba. Sau da yawa na je bakin ƙofarsa na juyo. Ranar Alhamis na shiga, na tambaye shi ko har yanzu kashewa za a yi. Ya ɗago daga kwanon furarsa ya dube ni.

"Ki bar shi yana gudu, Malama. Amma ki koya wa wani kafin ki koma makaranta, don in ya yi ja bayan kin tafi, ban san wa zan kira ba."