Farar Riga a Ƙarƙashin Gida

"Wai ɗan Maigandi ne ka gani, ko dai mai kama da shi?"

"Shi ne mana. Ni da na san shi tun yana yawo ba wando a lungun nan? Ya sauko daga wanet ɗin kamfani, a-kori-kurar nan, cikin shuɗin kayan nan na leburori, ƙura har gira."

"To ko korarsa aka yi daga ofis?"

"Wa ya sani. Ni dai tsorona kada tsohon ya ji a bakin mutane."

"Ai kai ne mutanen."

Suka yi dariya, suka biya kuɗin shayinsu, suka fita. Ba su san Sabiru na tsaye a bayan kantar madara ba, riƙe da burodin tamis mai zafi yana ƙona masa yatsu, ya ƙi motsi har sai da muryarsu ta ɓace a titin Anbariyya. Ya san masu maganar, abokan sallar mahaifinsa ne. Ya kuma san cewa labarin da ya shiga bakinsu da la'asar ba ya kai magariba bai isa kunnen Baba Maigandi ba.

A Madina aka haifi Sabiru. Mahaifinsa kuwa da ƙafa ya zo daga ƙasar Damagaram yana saurayi, ya yi noma a Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, ya zauna. Sana'ar da ya samu ita ce yasar rijiya a gonakin dabino. Da rijiyoyi suka ja baya sai ya koma wanke tankunan ruwa na ƙarƙashin gidaje, waɗanda mutanen gari ke kira hazzan. Rabin rayuwarsa a cikin rami ya yi ta. Shi ya sa ranar da Sabiru ya gama sakandare, tsohon ya kai shi wurin tela da kansa, ya sa aka ɗinka masa fararen riguna, ya ce a gaban telan da duk wanda ke shagon, "Ni na shiga rami don kada ka shiga. Farar riga za ka sa har ka mutu."

Sabiru ya riƙe maganar. Ya samu aiki a wani ofishin dillancin gidaje a unguwar Sultana, shi ne mai duba gini kafin a sayar ko a ba da haya. Yana da hanyarsa ta aiki. Zai shiga ɗaki ya yi shiru tukuna, kamar mai jiran a gaishe shi. Sai ya ciro makullin mota ya riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, inda ya ji sautin ya yi holoƙo ya ɗiga masa alli. Ya kan manna kunne a bango ya saurari bututu. Masu gida suna jin haushinsa, masu saye suna yi masa addu'a. Kuma duk wannan yana yinsa ya fito rigarsa fes, alƙalami a aljihun ƙirji.

Farar rigar ba ado kaɗai ba ce gare shi. Baƙin mutum cikin fari, da mayafin kai a gyare, ba a cika tsayar da shi a hanya a ce ya nuna iƙama, takardar zaman baƙi, ba. In ma an tsayar, da ladabi ake tambaya. Sabiru ɗan ƙasa ne, katinsa na cikin aljihu, amma ya fi son rigar ta yi magana kafin katin.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in sai wani sabon abu ya shigo kasuwa. Kamfanoni a Yanbu, birnin bakin teku, suka riƙa sayar da tsofaffin gidajen ma'aikatansu, irin na katako da ƙarfe da ake ɗorawa a tirela a kawo a haɗe. Mutanen Madina suka yi ta saye suna dasawa a gonaki da wuraren shaƙatawa na bayan gari. Ba a ƙasa ake ajiye su ba, a kan bulo ake ɗora su, a zagaye gefen da langa-langa, sai a bar wani sarari mai duhu tsakanin daɓen gida da ƙasa, wanda tsayinsa bai wuce gwiwar mutum ba. Duk bututun ruwa da wayar wuta da katakon da ke riƙe da gidan a can ciki suke.

Sabiru ya duba irin wannan gida a wata gona, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce lafiya lau. Kafin shekara ta zagayo, daɓen kicin ya burma da firji. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. Gara ce ta cinye katakon daga ƙasa, inda makulli ba ya kaiwa.

Mudir, wato shugaban ofis, bai yi faɗa ba. Ya ce akwai kwas da ake ba masu duba gini a Yanbu kan shiga ƙarƙashin gida, ko Sabiru ya je, ko a ɗauko wanda ya iya a ba shi kujerarsa. A gida Sabiru ya ce wa mahaifinsa ƙarin karatu aka tura shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi duka ba. Baba Maigandi ya sanar da duk sahun farko na masallaci cewa ɗansa ya tafi ƙaro ilimi a bakin teku.

Malamin kwas ɗin wani injiniya ne ɗan Sudan, Ustaz Ja'afaru, siriri, mai furfura a gefen kai, ba ya rabuwa da asuwaki. A aji ya koya musu abubuwan da Sabiru bai taɓa tunani ba. Ba a shiga sai an zura na'urar gwada iska tukuna. In ka ga ruwa kwance kusa da waya, ka juya, ba jarumta a ciki. Ka bi gefen bango ka zagaya, kada ka yanka tsakiya, don ka san inda ka fito. Gara tana gina siririyar hanya ta laka a jikin bulo, kamar jijiya, in ka gan ta ka soka sukudireba a katakon da ke sama. Sabiru ya rubuta komai, ya fi kowa amsa tambaya.

Ranar gwaji a fili aka raba musu hular kwano da tocila da shuɗin kaya, riga haɗe da wando. Sabiru ya karɓi nasa, ya ninke shi da kyau, ya ajiye a kujerar mota. Ya naɗe farar rigarsa sama ya ƙulle ta a ƙugu, kamar yadda samarin unguwa ke yi in za su buga ƙwallo, ya tsaya a layi.

Ja'afaru ya cire asuwaki daga baki, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ya shehi, ɗaurin aure za ka a ƙarƙashin gidan?"

"Zan iya a haka, Ustaz."

"Tafaddal, bismilla. Amarya na jira."

Ya kwanta rub-da-ciki ya kutsa ta ƙaramar ƙofar. Da farko abin ya tafi daidai. Sai ƙullin ya kwance. Rigar ta sauko ta shiga ƙarƙashin gwiwoyinsa, duk ja ɗaya da ya yi gaba sai wuyan rigar ya shaƙe shi, don shi da kansa ke danne ta. Ya yi ƙoƙarin juyawa, wata ƙusa ta kama shi a kafaɗa. Ba gaba, ba baya. Tocilar ta gangara gefe tana haska wani bulo da ba ruwansa. Ya ji numfashinsa na dawo masa a fuska, ya tuna a irin wannan wuri mahaifinsa ya ci abincin da ya raine su.

Sai ya ji murya kusa da ƙafarsa, ba da Larabci ba.

"Yaro, kwanta lamo. Kada ka yi kokawa da riga, ta fi ka wayo."

Hausa ce, irin ta mutanen Sudan, mai ɗan ja. Ja'afaru ne ya biyo shi. Ya zare ƙusar, ya kamo idon sawunsa, ya jawo shi waje kamar buhun gawayi. 'Yan ajin suka yi ta dariya, wani Bamisire har da riƙe ciki. Rigar ta yage daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Da aka tashi cin abinci Ja'afaru ya zo ya zauna kusa da shi a inuwar tirela, ya tura masa kwanon wake.

"Kakana daga Katsina ya fito. Tun ranar farko na ga sunanka na ce wannan namu ne. Me ya haɗa ka da shuɗin kaya?"

Sabiru ya ba shi labarin tela da maganar tsohon, rabi da Hausa, rabi da Larabci, yadda ya saba.

"To ni ban san mahaifinka ba," in ji Ja'afaru. "Abin da na sani, mutanen da za su kwana a kan daɓen nan ba su damu da launin rigarka ba. Gobe in ka zo da fari, ka tsaya a mota."

Washegari ya sa shuɗi. Abin da bai zata ba shi ne wurin ya yi masa daɗi. Akwai sanyi a ƙasan, da shiru irin wanda yake nema a ɗakuna ba ya samu. Ya ga hanyar gara a jikin bulo, daidai yadda aka kwatanta, ya soka sukudireba ta nutse kamar a cikin tuwo. Ya ga ɗigon ruwa ɗaya na taruwa a gaɓar bututu, yana kumbura, yana faɗuwa. A ƙarshen kwas ya samu shahadarsa, wato takardar kammalawa. Bayan wasu shekaru shi ne ma ya riƙa koya wa sababbin ma'aikatan ofishin wannan aiki, amma wannan daga baya ne.

Da ya dawo Madina sai ya shiga ɓoye-ɓoye. Ya fita da fari, ya canza a bayan gidan mai, ya dawo da fari. Matarsa Radiyya ke wanke shuɗin kayan, ta shanya a saman bene ƙarƙashin zanin gado.

"Kai da ke tona asirin gidajen mutane," ta ce masa wata rana tana matse wandon, "naka gidan fa?"

Haka aka yi ta tafiya har ranar da ya makara, ya sauko daga mota bai canza ba, aka gan shi.

Daga kantin da ya ji hirar tsofaffin nan bai tsaya ko'ina ba. Ya hau bene ya ɗauko kayan daga igiya, da sauran danshinsu, ya sauko tsakar gida. Baba Maigandi na zaune a kan darduma ya miƙe ƙafafu, rediyo na gefensa a kashe. Sabiru ya durƙusa, ya ajiye burodin, ya ajiye kayan.

"Abuya, karatun da na je Yanbu, wannan ne. Ƙarƙashin gidaje nake shiga."

Tsohon ya daɗe yana kallon kayan bai taɓa su ba.

"Korarka suka yi?"

"A'a. Ƙarin girma ma aka yi min."

"Ƙarin girma zuwa ƙasa." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ni na ce wa mutane ka tafi karatu."

"Karatu ne, wallahi. Akwai shahada."

"Ni ma da an ba ni shahada da bangon nan bai ishe ta ba."

Radiyya na bakin ƙofar kicin, ta daina jera kofuna. Sabiru ya ba shi labarin firjin da ya burma, ya ce gidan akwai yara, a kicin ɗin suke karyawa kullum, kuma shi ne ya sa hannu ya ce lafiya. Tsohon ya saurara, kansa a sunkuye.

"In ka shiga, wa ke tsaya maka a baki?"

"Direba. Doka ce, ba a shiga sai da mutum a waje."

"Iska fa? Mu kyandir muke zurawa. In ya mutu, mu fasa."

"Akwai na'ura. Ƙara take yi."

"Na'ura." Ya jinjina kai, kamar an gaya masa sunan wani baƙo da ya zo a makare. Sai a lokacin ya miƙa hannu ya jawo wandon, ya juya shi, ya murza yadin tsakanin yatsu. Ya tsaya a gwiwa, inda ya riga ya fara sudewa.

"Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa rarrafe ba. Dubi nan." Ya ɗage zanensa ya nuna gwiwoyinsa, baƙaƙe, masu kanta kamar na raƙumi. "Su suka hana ni sujada yadda nake so. Ba rigar ce ta dame ni ba, Sabiru. To, ita ma ta dame ni, kada in yi maka ƙarya. Gobe in na shiga masallaci sai na san abin da zan ce wa waɗancan tsofaffin."

"In je in gaya musu da kaina?"

"Kai dai je ka yi aikinka. Ni na san maganinsu." Ya shimfiɗa wandon a cinyarsa, ya auna gwiwar da tafin hannu, ya ɗaga murya wajen kicin. "Radiyya, 'yata, nemo min babbar allura da zare mai ƙwari, ki haɗo da tsohuwar dardumar nan da ke bayan ƙofa. Ki zo da almakashi, sannan ki zura min zaren, idona ba ya gani."