Ƙaryar "Wa da Ƙanwa" da Na Yi wa Surukata a Gaban Tele

Lokacin da abin nan ya fara, ni sabuwar amarya ce a wani gidan Barebari da ke Zango, a nan Damagaram, ina koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Maigidana ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya, don haka yawancin kwanaki daga ni sai mahaifiyarsa, Hajiya. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, in durƙusa, ta amsa, in tashi. Ba ta yi karatun boko ba, amma ba ta mantuwa. Idan ka gaya mata magana bara, bana za ta maimaita maka ita har da inda ka tsaya ka yi tari.

Abin da ya haɗa mu wani shiri ne da ake nunawa a tele ranar Asabar da la'asar, labarin wasu mutane da suka bar duniya a jirgin sararin samaniya ɗauke da irin shuka, suna neman wata duniyar da za su noma. Da Faransanci ake yinsa. Wata rana ta tarar da ni ina kallo, ta tambayi abin da suke cewa, na fassara mata. Asabar ta gaba da kanta ta aiko a kira ni. Na ji daɗi ƙwarai, domin a nan na fara jin dariyarta.

Ana cikin haka sai aka nuno shugaban jirgin ya rungume matar da ke gyaran injin, ya daɗe bai sake ta ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta tambayi mene ne tsakaninsu. Ta yaya zan buɗi baki in yi wa uwar mijina bayanin soyayya? Sai na ce wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce Allah sarki, zumunci ko a sama daɗi gare shi. Na ɗauka magana ta wuce.

Ashe na ɗaure kaina ne. Shirin ya yi shekaru, ni kuma kowace Asabar sai na yi wa ƙaryar faci. In shugaban ya ce yana sonta, in ce addu'a yake yi mata. In ya yi kishi da wani saurayi da ke nemanta, in ce tarbiyyar saurayin ce ba ta kwanta masa ba. Ita kuwa Hajiya ta zama alƙaliyar shirin, ba abin da ke wuce ta. Ita ta gano cewa wani mutum-mutumin ƙarfe da ke aiki a jirgin hannun hagu ya rasa da farko, daga baya kuma sai ga shi babu na dama. Ita ta tambayi yadda aka ce ruwa ya ƙare amma kowa fes da shi. Da wani da aka binne ya dawo ba bayani, sai da ta yi mako tana cewa marubutan nan ba sa zama ɗaki ɗaya. Ƙawayenta na unguwa suka fara zuwa kallo, har ƴan uwa in sun zo daga Tirmini sai ta zayyana musu kurakuran, ta ƙare da cewa ba don surukarta mai gaskiya ba da ba ta gane komai ba.

Ranar da mahaifiyar shugaban ta bayyana, mai gyaran injin ta gaishe ta gaisuwar baƙunta, Hajiya ta tafa hannu tana tambayar ina aka taɓa ganin ƴa ba ta san uwarta ba. Ta ce marubutan sun manta abin da suka rubuta da hannunsu. Na ce haka ne, har na ƙara da nawa zagin. Na koma ina neman kashi na gaba a waya tun Juma'a don in shirya abin faɗa. Na taɓa zare waya a bayan tele na ce telen ta lalace, ta aika ɗan kabu-kabu ya ɗauko mai gyara a babur ɗinsa. Wallahi har addu'a na yi a kashe shugaban ko mai gyaran injin in huta.

Maimakon haka sai aka yi musu aure, da farar riga da zobe, abin da ba fassarar da za ta rufe. Ɗakin ya ɗauki salati. Hajiya ta ce waɗannan marubuta la'anannu ne, kuma za ta haɗa su da Allah a sallarta. Wannan ne na kasa ɗauka. Da mata suka watse na durƙusa na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta tambaye ni a wane gari marubutan suke, domin ta ɗauki alhakinsu, tana son neman gafara. Sai kuma ta tambaya ko wancan da aka binne da gaske ya mutu, ko shi ma ni ce. Na rantse mata ba ni ba ce. Ta ce to.

Bayan wani lokaci hawan jini ya kai ta asibiti, likitan kuma ba ya jin Hausa. Na fassara mata cewa babu abin tsoro in ta kiyaye magani da gishiri. Ba ta ko dube ni ba, ta kira wata ma'aikaciya ta ce ta gaya mata abin da likita ya ce. Matar ta maimaita maganata kalma da kalma. A nan na gane abin da na rasa, na fita waje na yi kuka.

Ina jan hankalin duk wanda ya zama kunnen wani tsoho, ko a gaban tele ko a gaban likita. In kunya ta kama ka, ka ce kana jin nauyin faɗa, zai gane, domin shi ya koya maka kunyar. Kada ka sauya masa magana, don ba shi da hanyar bincika ta sai kai. Har yau ranar Asabar da la'asar ina jiyo kiɗan shirin daga ɗakin Hajiya. Ita kaɗai take kallo, ba ta jin ko kalma ɗaya, kuma ba ta aikowa a kira ni.