Rikoda a Aljihun Rigar da Aka Juya Baibai

A daminar shekarar da na gama jami'a aka ɗauke ni aikin taimaka wa masu bincike. Malamai uku ne daga sassa daban-daban suka haɗu domin nazarin yadda manoma Musulmi suke fuskantar fari: malamin fiƙihu, da masanin labarin ƙasa mai auna ruwan sama, da malamar ilimin zamantakewa, wadda ita ce shugaba. Ƙauyenmu suka zaɓa, kusa da Rimin Gado. Aikina shi ne in naɗi magana a rikoda, sannan in rubuta ta da daidaitacciyar Hausa.

Bayan noman farko ruwa ya ɗauke. Gero ya nannaɗe ganye, har da na gonar mahaifina. Liman ya sa aka yi shelar fita roƙon ruwa.

Tun a mota malamar ta ja mini kunne. "Ba mu san ko za mu sake samun irin wannan ba. Ka tsaya kusa da liman, amma a wajen sahu. Addu'ar nake so tun daga farko har ƙarshe. Yau kai mai bincike ne."

Na ce to, domin ina son aikin ƙwarai.

Da hantsi muka isa filin idi. Jama'a sun fito cikin tsofaffin tufafi, ba turare, ba hira. Na tsaya gefe riƙe da rikoda. Ana daidaita sahu mahaifina ya hango ni, ya tako.

"Kai, me kake yi a tsaye kamar maigadi?"

"Baba, aiki aka sa ni."

"Aikin kallo? Tuwon da ka ci jiya, daga jami'a aka kawo hatsinsa?"

Ƙanensa da ke bayansa ya ce, "Yaya, ƙyale shi. Wataƙila a ɗan akwatin nan zai tara mana ruwan."

Mahaifina bai yi dariya ba. Ya koma sahu, ya bar gurbin mutum ɗaya a gefensa, ya hana a cike.

Na duba malaman. Malamar tana can wajen mata, masanin labarin ƙasa yana gindin ɗorawa, malamin fiƙihu kuwa tuni ya shige sahun gaba. Na zura rikodar a aljihun ƙirji, na ɓalla maɓallin aljihun, na shiga gurbin. A zatona daga nan ma za ta ɗauki komai.

Sallar ta naɗu sarai, haka ma huɗuba. Sai dai bayan huɗuba liman ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, jama'a suka juya riguna baibai kamar yadda aka saba. Ni ma na juya tawa, ban tuna da aljihun ba. Rikodar ta koma ciki, ta manne da ƙirjina. Addu'ar liman ba ta fito ba ko kaɗan. Abin da ya fito shi ne gogar yadi, da muryata ina ta cewa amin.

Washegari na kunna musu a ofis, suka saurara har ƙarshe. Malamin fiƙihu ya ce juya riga sunna ce, shi ba shi da abin cewa. Malamar ta janye rikodar daga gabana. Ta ce daga yau wata ɗalibarta ce za ta riƙa naɗa, ni in tsaya ga rubutu kawai. Ban yi musu ba.

Na miƙe zan fita, sai ta kunna rikodar ta juyo da ita wajena.

"Ina za ka? Tun da ka shiga sahu, zauna. Faɗi shekarunka da sana'ar mahaifinka, sannan ka gaya mini abin da liman ya roƙa."

Na koma na zauna, na yi bisimilla, na fara.