Kututturen Kiryar Kakata

Shekaranjiya da hantsi mai shayin da ke ƙofar shagona ya zuba sabon gawayi a murhunsa, hayaƙin ya shigo har inda nake zaune ina gwada wa wani mutum batiri. Ban ɗaga kai ba na ce masa, "Wannan gawayin kirya ne." Ya ce ina na sani, shi kansa wanda ya sayar masa bai faɗa ba. Na ce na sani kawai. Kirya ba ta tartsatsi, ba ta gaggawa, kuma warinta yana da nauyi, yana zama a maƙogwaro. Na sallami mai batiri, na koma kujerata na zauna har azahar.

Ni ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi. Ina sayar da pano na hasken rana, da batiri, da ƙwan fitila marar cin wuta, da butalin gaz, da murhun ƙarfe mai tattalin itace. Duk wanda ya shigo shagona magana ɗaya nake masa: abin da ba ka amfani da shi ka kashe shi, tukunya kuma a rufe ta. Ina faɗa don gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, tana sayar da kaya. Amma ba a wani taro aka koya mini ita ba. A wurin kakata na gan ta, tun kafin in san wasu na kiran abin da wani suna.

Ƙauyenmu yana arewa da Dogon Dutsi, tafiyar rabin yini a amalanken jaki. Kakata, mahaifiyar babana, daga wani ƙauye kusa da Lugu, garin da aka sani da tsafin gargajiya, aka kawo ta. Ranar da aka kawo ta, in ji ta, uwarta ta ɗebo garwashi daga murhunta ta sa a kasko, ta lulluɓe da busasshen kashin shanu da toka, wata gwaggo ta ɗauko shi a ka har gidan kakana. Da wannan garwashin aka hura wutar farko a sabon murhunta. Tun daga ranar wutar ba ta mutu ba. Babana da ita aka dafa ruwan wankansa na jego, ni ma haka.

Kada ka ɗauka wata babbar wuta ce. Yawancin yini ba ka ganinta ma. Murhun kakata duwatsu uku ne, amma ta yaɓe tsakaninsu da laka ta bar baki ɗaya, ta gefen da iska ba ta bugowa. Kara uku take sawa, ba huɗu ba. In harshen wuta ya leƙo gefen tukunya sai ta janye ɗaya, ta ce wanda ya leƙo waje sararin Allah yake dafawa, shi kuwa ba ya cin tuwo. Murfin tukunya kullum da dutse a kansa. In ta sauke tuwo, tukunyar wake take dasawa cikin toka mai zafi ta bar ta, waken ya nuna da kansa. Ruwan wanka kuwa rana ce mai ɗumama shi, cikin wata baƙar tukunya da take ajiyewa a tsakar gida tun hantsi.

Asirin wutar kututturen kirya ne. Bayan tuwon yamma sai ta tura sauran garwashi jikin kututturen har bakinsa ya kama, ta rufe shi ruf da toka, ta huda tokar da ɗan yatsanta don ya samu numfashi, ta kife masa tsingaron tukunya. Kirya tana cin kanta a hankali, kututture ɗaya ya kan kai makonni. Da safe ta buɗe, ta zuba ƙaiƙayi ɗan kaɗan, ta hura sau biyu. Daga nan sai matan unguwa su fara sallama, kowace da kaskonta, sun zo ɗibar wuta. A tsugune suke gaisawa, a nan ake jin wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi da wadda akuyarta ta haihu. Gida ɗaya ke kwana da wuta, unguwa duka ta karya da ita.

Kututturan daga gonar kakana ta tono su, daga wata kirya da ta mutu tsaye tun ban san kaina ba. Ɗanyen itace ba ta taɓa sara ba. Tana jera su bayan rumbu, ta rufe da tsohuwar zana. Ina yaro suna da yawa har muna ɓuya a cikinsu. Da na kai shekarun fara aske gashin baki, saura biyu: ɗaya a murhu, ɗaya bayan rumbu.

Babana ya dawo daga ci-rani wata shekara da gemu da wando ɗangalalle da littattafai a jaka. Mutum ne mai natsuwa, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, amma wutar tana damunsa. Yana ganin abin da ya fito daga wajen Lugu, ake kuma lallaɓa shi haka, akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Wata rana ya ajiye mata kwalin alimeti, wato ashana, a gefen murhu ya ce, "Inna, wuta ai wuta ce. Ba ta da uwa, ba ta da kaka."

Ta ce, "Ka taɓa ganin na yanka mata kaza?"

Ya ce a'a.

"To ɗauke kayanka. Mai ƙyasta wannan kullum sabuwar wuta yake tadawa, sabuwar wuta kuwa cin kara gare ta kamar baƙon da ya kwana da yunwa."

Ya ɗauke, ya kai ɗakinsa. Maganar ba ta sake tashi ba.

Ni a lokacin na riga na fara sana'a. Lakwal, makarantar boko, na bari tun ban yi nisa ba, na samu jaki da amalanke, ina tara itace ina kai wa masu tuwo da masu gasa nama a Dogon Dutsi ranar kasuwa. Na iya ciniki tun da wuri. Ina duban mutum in san abin da yake nema kafin ya buɗe baki. Kakata tana mini wasan jika, maigida take kirana. In na dawo daga kasuwa sai ta ce, "Maigida ya dawo, ko goro babu. Wanga aure dai na wahala ne." Ni kuwa in ce ai tsohuwar mata ba a yi mata tsaraba.

Damina ta shigo da ƙarfi a shekarar. Ko'ina jiƙe, kara ya yi laushi, gero ya kai gwiwa, ƙasa tana tururi da rana. A tsakiyar wannan ciwon ƙafa ya kwantar da kakata, ko bakin ɗaki ba ta iya fitowa. Uwata ta rasu tun ina ƙarami, matar babana kuwa sabuwa ce a gidan, ba ta san hannun murhun ba. Sai kakata ta kira ni ta ce, "Maigida, zo in ba ka amanar kishiyata, wutar nan." Ta kama yatsana ta nuna mini girman hujin da zan bari a toka. Ta ce na murhu ya kusa ƙarewa, in ya kai tsawon tafin hannu in ɗauko na bayan rumbu in jingina masa, ya kama kafin wancan ya mutu.

Kwana da kwanaki na riƙe ta daidai. Ba wuya gare ta ba.

Sai ranar kasuwa wani maƙeri ya tsaya gaban amalankena yana jujjuya itacen yana tsaki. Ya ce duk wannan na masu tuwo ne, shi kirya yake nema, ita kaɗai ke ba ƙarfe zafin da yake so, kuma ta yi wuya a ƙasar. Na ga idonsa, na san mutumin da ba zai yi gardamar farashi ba. Kasuwa ta gaba na ɗora kututturen bayan rumbu a ƙarƙashin itacen, na rufe. Ba na jin na yi dogon tunani. Abin da na gaya wa kaina shi ne itace ai itace ne, kuma ni da nake sana'arsa ba zan rasa wanda zai kwana da wuta ba. Maƙerin ya rungume shi kamar ya ga ɗan'uwa.

Da na murhu ya kai tafin hannu, na jingina masa wata ƙatuwar saiwar sabara da na zaɓa da kaina. Ta kama da kyau, har ta fi kirya saurin kamawa. Na rufe da toka, na huda, na kife tsingaro, duk yadda aka nuna mini.

Da safe na ɗaga tsingaron na sa hannu. Tokar da sanyi. Na tona har ƙasa, na tona gefe. Sabarar ta cinye kanta tun da wuri, ta ja guntun kiryar sun tafi tare. Babu ko ja ɗaya. Na daɗe a tsugune da toka har gwiwar hannu. Ina jin zakaru, ina jin wata tana daka a gidan baya, kuma na san yanzu za a fara sallama.

Na shiga ɗakin babana yana masallaci, na ɗauko kwalin alimeti. Karan a jiƙe yake, ya ƙi kamawa. Na tsiyayo kananzir daga fitilarsa na ɗiga a kai. Wuta ta tashi fuu, ta wuce bakin murhu. Na danne ta da toka, na gyara wurin, na zauna kamar ban yi komai ba.

Matar wanzami ce ta fara zuwa da kaskonta. Ta leƙa ɗakin kakata ta gaishe ta da jiki, ta dawo ta tsuguna. Ina cikin zuba mata garwashi na ji muryar kakata daga ɗaki, ba da ƙarfi ba.

"Maigida."

Na ce na'am.

"Wagga wuta warin kanti gare ta."

Na ci gaba da zuba garwashin. Matar wanzami ta tsaya da kasko a hannu, tana dubana tana duban ƙofar ɗakin. Can kakata ta ce mata, "Ɗiba ki tafi, yaranki na jiran kunu. Wuta ce."

Da ta fita na shiga ɗakin na tsaya. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har na tanadi abin da zan ce. Tana kwance tana kallon rufin ɗaki. Ta ce, "Maƙeri ka kai wa?" Na ce e. Ta ce, "Ya san abu mai kyau." Sai ta ce in miƙo mata butarta.

Shi ke nan abin da aka yi. Babana bai taɓa jin yadda ta faru ba, ya ga dai uwarsa ta warke ta fito tana neman alimeti, ya yi hamdala. Ta yi shekara biyu bayan haka. Kara uku take sawa har ta rasu, murfinta da dutsensa, amma ba ta sake rufe wuta ba. In ta gama tuwo sai ta bar ta ta mutu. Matan unguwa suka zo kwana biyu uku suka ga babu, kowace ta sayi kwalinta. Wasan maigida bai tsaya ba, tana mini shi kamar da. Na yi ta jira wata rana ta tayar da maganar, ko ni in ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Ko ɗaya bai zo ba. Ranar da aka binne ta na tsaya bakin kabari idona a bushe, ina lura da cewa itacen da aka jera mata na gawo ne.

Ba zan ce wutar kakata ce ta riƙe dajinmu ba, ni ba mai irin wannan maganar ba ne. Mutane sun ƙaru, gonaki sun ci daji, ruwa ya yi ta wasa da mu. Amma na san amalanke nawa na fitar daga wannan dajin, daga jaki na koma shanu, daga shanu na koma mota, har ranar da direbana ya yini yana yawo ya dawo da rabin kaya. A ranar na gane itace ya ƙare a matsayin sana'a, na sayar da motar na shiga gaz da pano tun wasu ba su farga ba. Mutane suna cewa ina da hangen nesa. Yanzu in na je ƙauye, daga ƙofar gidanmu ina hango garin da da sai ka ratsa duhuwa kafin ka gan shi. Mata suna tsintar kashin shanu da saiwar gero. Wasunsu ni nake sayar wa murhun ƙarfe, ina koya musu su rufe tukunya.

A gidana na Dogon Dutsi pano ne a kan rufi, gaz a madafa. Ina bi ɗaki-ɗaki ina kashe fitila da fankar da yara suka bari, suna ce mini mai gadi.

Shekaranjiyar nan, kafin in rufe shago, na ce mai shayi ya zaɓo mini dunƙulen gawayin nan mafi girma. Na kai gida a leda. Bayan magariba na samu wani lungu a tsakar gida, na hura shi har ya yi ja, na roƙi toka wajen maƙwabta don a gidana babu, na rufe shi, na huda da ɗan yatsa, na kife masa fasasshen kwano. Ƙaramar ɗiyata ta tsaya kaina ta ce, "Baba, gaz ɗin ne ya ƙare?" Na ce a'a. Ta ce, "To mi kake dafawa?" Na ce ba komai.

Da na dawo daga sallar asuba na ɗaga kwanon na kawar da tokar. Yana nan, ja, ƙanƙane, da ɗuminsa. Hannuna bai manta ba. Na tsuguna a gabansa na ɗan jima. Matata ta riga ta dafa shayi a kan gaz, tana kirana kada ya huce. Ƙofar gida a rufe take, ta ƙarfe ce, kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Na mayar da tokar, na bar masa hujinsa, na tafi buɗe shago.