Rigar Tuya Daga Labulen Gwanjo

Ni tun da na iya taka keken ɗinki ban taɓa ɗinka kayan kwalliya ba, kuma ban damu ba. Sana'ata ita ce in je wajen masu gwanjo a kasuwar Gazawa ranar da suka kwance dila, in ture riguna da wanduna gefe, in tsinci abin da kowa ke tsallakewa: zannuwan gado, rigunan filo, shimfiɗun tebur. In kawo gida in wanke, in yanka, in ɗinka rigar tuya. Ƙyalle ne da ke rufe mace daga ƙirji zuwa gwiwa, da igiya a wuya da igiya a ƙugu, don kada mai ya ɓata mata zane. Waɗanda suka yi lakol, 'yan boko, suna da wani sunan da suke kiranta da shi. Can su ƙarata. Masu ƙosai da masu awara rigar tuya suke cewa, kuma su ne masu saye.

Wata shekara, bayan an gama girbi, na ci karo da wani labule a cikin dila. Kore shar, da furanni ruwan gwal, sai sheƙi yake. Da na zo wankinsa na ga ruwa yana gangarewa a kansa ba ya shiga. Na ce to, ai mai ma haka zai yi. Har ina yi wa kaina kirari, wai na samo abin da ba ya datti.

A kwanakin ne ƙanwata ta zo ganin gida. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tana aure a Agiye, tana suyar awara a bakin tasha. Ta zo da ɗiyarta a baya, jinjira ko zama ba ta fara ba. Tana ganin labulen a kan igiya ta rungume shi.

Ta ce, "Yaya, wannan kam nawa ne."

Na ce, "Ke dai kwaɗayi zai kashe ki. Na sayarwa ne."

"To ki sayar wa wasu abin da ya rage. Ni ki ɗinka mini rigar tuya, kuma ki yi mini igiyar da tsawo, ta zagayo ta bayan goyo in ƙulle. Kin ga ta zama majanyi ta biyu, ko na duƙa yarinya ba za ta zame ba."

Na yi mata yadda take so. Na ninka igiyar, na bi ta da ɗinki har sai da na tabbata ko saniya aka ɗaure da ita ba za ta tsinke ba. Ta tafi tana yanga, ni kuma na ajiye sauran labulen sai na samu sarari.

Ranar kasuwar Agiye ce na samu sararin. Da hantsi na zuba garwashi a dutsen guga, ina fifita shi, sai wani ɗan garwashi ya faɗo a kan guntun labulen. Na san yadda auduga ke yi da wuta. Tana ci a hankali, ta yi baƙi, ki murje ta da yatsa ta zama toka. Wannan kuwa, wallahi kafin in ƙifta ido wutar ta gudu a kansa, ya takure, ya fara ɗiga. Na kai hannu na buga don in kashe, sai ya manne mini a tafin hannu yana ci. Na girgiza bai faɗi ba. Na ɓamɓare shi, ya taho da fata. Warin ledar da aka ƙona ya cika ɗakin.

Ban yi kukan hannun ba. Tsaye na yi ina kallonsa, sai na ga ƙirjin ƙanwata a raina. Sannan na tuna igiyar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da hannuna na ɗaure yarinya a cikin abin nan, kuma na yi ɗinkin da ba ya tsinkewa.

Na kira wayarta, a kashe. Haka take, sai ta wuni ba ta kai caji ba, na sha yi mata faɗa. Na kira mijinta, yana can gona inda babu rezo, waya ba ta shiga. Maigidana ba ya nan, kuma ni ban taɓa fita garin nan ba da izininsa ba, amma ranar ta kan katanga na ƙwala wa maƙwabciyata kira na ce ta gaya masa na tafi Agiye, in zai yi faɗa ya yi in na dawo. Sai da na kai tasha na lura da almakashi a hannuna, ban san lokacin da na ɗauko shi ba.

Motar Agiye ba ta cika ba, direba yana zaune yana shan shayi. Na ce mu tafi, ya ce, "Hajiya, sai ta cika." Na ce Allah ya cika maka ita, na tare kabu-kabu. Dattijo ne mai babur ɗin, yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai.

Na ce, "Malam, don girman Allah ka taka."

Ya ce, "Haihuwa ce ko rasuwa?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Bai ƙara tambaya ba, ya taka.

Tsoron da na ji a hanyar nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haihu. Ko'ina ka duba gonaki an yanke hatsi, kara a tsibe, kuma na san da kara ƙanwata take suya a wannan lokacin, don itace ya yi tsada. Wutar kara ba ta da amana, sai ta lafa, sannan ta tashi fuu har ta lashi gefen kasko. Ga iskar rana ta taso. Duk motar da ta taho daga Agiye sai in leƙa cikinta in ga ko an kwantar da mace. A shingen jandarma aka tsayar da mu, na miƙa wa mutumin hannuna ina magana ba kai ba gindi. Ya dubi hannun, ya ɗaga mana igiya.

Tun daga nesa na hango koren. Tana duƙe a kan kasko tana juya awara, gefen rigar yana reto daidai bakin murhu, kan yarinyar ya langaɓe a bayanta tana barci. Bakina ya buɗe zan yi ihu, na danne. In ta razana ta zabura, ga tafasasshen mai, ga wuta. Haka na taka a hankali cikin mutane, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Na zagaya ta bayanta na riƙe kafaɗarta na ja ta baya. Ƙullin ya sha mai ya ɗaure tamau. Na tallabe yarinyar da hannun da ya ƙone, na datse igiyar ƙugu, na datse ta wuya, na fizge rigar.

Ta juyo da matsami a sama za ta kwaɗa mini, sai ta ga ni ce.

"Yaya? Kin haukace ne? Rigar tawa! A gaban mutane?"

Masu jiran awara suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa tana cewa a riƙe ni. Ni kuwa na yar da rigar can a fili, na zaro kara mai wuta daga murhun, na dangwala mata.

Ko ƙiftawa ba a yi ba. Ta kama, ta naɗe kanta, furannin suka narke, ta koma wani baƙin dunƙule yana tafasa yana ɗiga a ƙasa. Mutane suka ja baya suna salati. Na buɗe mata tafin hannuna ta gani.

Ta ajiye matsamin. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta kwance majanyi, ta sauko da yarinyar kan cinyarta. Ta shiga duba ta, wuya, ciki, tsakanin yatsu, kamar wutar ta riga ta taɓa ta. Yarinyar ta farka tana tsala kuka. Awara na ƙonewa a kasko, ba wanda ya kula.

Can ta ɗago, fuskarta duk hawaye.

Ta ce, "Yaya, jiya da ita na lulluɓe ta. Nan gindin murhu na kwantar da ita, don kada ta ji sanyi."