Sajen da Ya San Rubutun Kowa

Shekara ashirin da shida Saje Makulli ya yi a ofishin ajiye takardu na bariki, tun da harsashi ya lalata masa gwiwa. Laƙabin ya samo asali ne daga halinsa: ko ruwa zai fita sha sai ya kulle durowa. Matarsa takan ce, "Kai dai Maigida, ko inuwarka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta."

Ana nan sai aka sauya yadda ake auna hafsoshi. Da can babban oga kaɗai ke rubuta rahoto. Yanzu abokan aikin hafsa da na ƙasa da shi su ma za su cika takarda, ba suna, su jefa a akwati. Aka damƙa wa Saje akwatin. Shi kuwa ya san rubutun kowa a barikin.

Akwai wani Manjo mai tsawa, wanda bai taɓa amsa gaisuwarsa ba. Ana saura kwana uku a buɗe akwati sai ga shi ya kawo wa Saje sabuwar kujera mai laushi.

"Baba Saje, yaya gwiwar?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe." A ransa ya ce, ruwa ba ya tsami banza.

Manjo ya tambayi yara, ya taɓo zancen ritaya, sannan ya rage murya. "Idan wani ya yi mini sharri, ai za ka gane hannunsa ko?"

"Idanu sun tsufa, ranka ya daɗe."

Da aka buɗe, takardun Manjo goma sha huɗu ne. Tara yabo ne zalla, kuma duk taran sun yi kuskure iri ɗaya a kalma guda. Wa ya ba su abin kwafa? Sauran biyar sun faɗi abin da kowa ya sani, Saje kuma ya gane masu su sarai. Ya buga komai a kwamfuta, ya manne na rubutun hannun a ambulan, ya ɗingisa har ofishin Kanar, shugaban barikin, ya nuna masa kuskuren nan.

Aka sake cika takardun lokacin da Manjo yake hutu. A shekarar bai samu ƙarin girma ba, kwas aka tura shi.

Ranar da Saje zai yi ritaya, Kanar ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Su wane ne biyar ɗin nan? Ni ma ba za ka gaya mini ba?"

Saje ya ƙame, ya sara masa, ya fita. Har yau bai yarda cewa wasa Kanar yake yi ba.